Ruwan da Bai Ci Yaya Habu Ba

Jikokina sun zo hutu, kuma tun da suka zo ban huta da waya ba. Jiya da hantsi ina zaune a zaure babbarsu ta kawo min tata, ta ce in kalli wani abin mamaki. Na sa tabarau na duba. Wani saurayi ne yake magana da sauri, a bayansa hoton teku da jirgi yana nutsewa, yana cewa wai akwai wani wuri can a ƙarshen duniya da ake kira Bamuda, mai haɗiye jiragen ruwa da na sama. Bai gama ba ta ture shi da yatsa, wata ta fito tana dafa taliya. Na miƙa mata wayarta. Ta ce, "Kaka, ba ka yi mamaki ba?" Na ce na yi nawa mamakin tun ba a haifi uwarta ba. Ta yi dariya ta shige gida. Ni kuwa na kasa tashi har aka kira azahar, don labarin da ta manta kafin ta kai tsakar gida, a gidanmu shekara shida ya yi yana zaune.

A zamanin da nake faɗa labari ba ya zuwa da yawa, shi ya sa wanda ya zo yake daɗewa. Mu mutanen da ruwan Tiga ya tasa ne. Ina ɗan saurayi aka kwashe mu daga tsohon garinmu aka kawo mu sabon matsuguni, aka yanka wa kowane magidanci fili, aka ce nan ne gida. Baba bai daɗe ba bayan ƙaurar, Inna ce ta riƙe mu. Har yanzu in na rufe ido ina jin safiyar wurin. Ladan ba shi da lasifika, tudu yake hawa ya kira salla da muryarsa. Gari na wayewa sai tabarya ta ɗauka, gida ya amsa wa gida, har kana iya gane dakan kowace mace ba tare da ka gan ta ba. In rani ya yi, injin ban ruwa ɗaya ne a duk fadamar, tari yake yi kafin ya tashi, kuma da ya tashi kowa ya san lokacin tafiya lambu ya yi. Matan Fulani su shigo da ƙwaryar nono, su gaisa da Inna rabi da Fulatanci rabi da Hausa, su zauna a inuwar rumbu a yi ta zancen ruwan bana da ciwon dabbobi. Iyakar duniyarmu ke nan: ruwa, gero, tumatir, wanda ya haihu da wanda ya rasu. Yanzu injina sun fi a ƙirga, daka kuwa sai dai a kai niƙa, kuma mutum na zaune kusa da kai amma hankalinsa yana wata ƙasa. Ban ce da ta fi yanzu daɗi ba. Wahala muka sha. Amma a lokacin in aka faɗi magana a tsakar gida, nan take kwana, nan take tashi.

Wana, Yaya Habu, ya girme ni da shekara bakwai ko takwas. Shi ne ɗan fari, don haka Inna ba ta faɗar sunansa, ba ta zama inda yake zaune, in zancensa ya kama sai ta ce "wancan". Ya auri Ladi, 'yar Kawu ƙanin Inna, wadda muka taso muna tsokanar juna tun a tsohon gari. Filin da aka ba mu bai kai rabin gonar da ruwa ya ci ba, ga shi tsakuwa. Yaya ya yi damina biyu yana fama da shi, ya gwada kamun kifi a dam bai jure ba. Shekara guda da aurensa ya bi motar shanu zuwa Ikko, ya ce zai yi rani ɗaya ya dawo. Wasiƙa biyu ya aiko, kuma ni na karanta su, don lokacin na gama makarantar horon malamai, ina koyarwa a wata firamare kusa da Kwanar Dangora. A ta farko ya ce yana dako a tashar jiragen ruwa. A ta biyu ya ce an yi masa alkawarin aiki a cikin jirgi mai zuwa ƙasashen Turawa, a taya shi da addu'a. Daga nan shiru. Damina ta zo ta wuce. Muka tambayi direbobi da fataken shanu, ba wanda ya ce ya gan shi. Kawu ya ce da zarar an gama girbi shi da kansa zai tafi Ikko ya nemo shi, ko ya nemo labarinsa.

Kowace safiya kafin in shiga makaranta nakan jingine kekena a teburin wani mai shayi a Kwanar. Nan ne gidan rediyonmu, nan ne jaridarmu. Manyan motoci na huci a gefen titi, masu ƙosai na kiran ciniki, direbobin da suka kwana a hanya suna wanke fuska da buta. Wata safiya na tarar da wani direban tirela, baƙo, mai faɗin murya, ya riƙe teburin da zance.

"Ku kuna nan kuna ganin Tiga ruwa ne," in ji shi. "Akwai ruwa a duniya. Akwai wani wuri, Bamuda, in jirgi ya shiga, agogo tsayawa yake yi, allurar da ke nuna gabas ta yi ta juyawa. Daga nan ba a ƙara jin ɗuriyarsa. Wasu malamai sun ce nan aka ɗaure Dujal."

Wani ya ce, "Duk sun mutu ke nan?"

"Ina fa. An taɓa yin jirgin da ya fito bayan shekara ashirin. Mutanen ciki ba wanda ya yi furfura. Shayin da suka zuba ma bai huce ba."

Mai shayin ya ce, "To wannan ba irin nawa ba ne."

Aka yi dariya. Akwai wani dattijon Bafillatani a ƙarshen benci, yana jiƙa burodi a kofi, ya ɗago ya ce, "Malam direba, shanu na zuwa can?" Direban ya ce ruwa ne zalla, ina shanu za su je. Dattijon ya ce, "To," ya juya ga na kusa da shi ya ci gaba da zancen maganin kofato. Direban ya shanye shayinsa ya ja motarsa ya nufi Zariya. Ga duk wanda ke teburin nan, labarin ya ƙare tare da shayin. Ni kaɗai na ɗauke shi na ɗora a keke.

Ina da shekara ashirin da 'yan kai, ina da biro a aljihun gaba, kuma ina son a san na san abin da ba a sani ba. Bayan la'asar na dawo gida na tarar da Inna tana ɓarar gyaɗa a tabarma, Ladi tana tankaɗe a bakin madafa. Na zauna a kan turmi na fara. Allah ya sani don in tsorata Ladi na fara, don ita ko gulbi ba ta son tsallakawa. Na ƙara gishiri, na sa hazo, na sa kukan tsuntsaye. Ban tuna da Yaya ba sai da na kai wurin jirgin da ya dawo, na ga hannun Inna ya tsaya a cikin ƙwarya.

Ba ta dube ni ba. Ta ce, "Jiragen da ke tashi daga Ikko, ta nan suke bi?"

Ban sani ba. Ko a taswirar makaranta ban taɓa neman wurin ba. Amma ni ne malamin gidan, kuma ban saba cewa ban sani ba. Na ce, "Wasu ta nan suke bi, Inna."

"Kuma ka ce sun dawo."

"Haka aka ce."

"Da ransu."

"Da ransu, Inna."

Ta ci gaba da ɓarar gyaɗarta. Ladi ta dube ni, irin kallon da ban taɓa gani a fuskarta ba, ta ɗauki rariyarta ta shiga ɗaki.

Da aka gama girbi Kawu ya zo da shirinsa, har ya samu motar da zai bi. Ya durƙusa ya gaida Inna, ya ce jibi zai tafi. Inna ta ce ya zauna. Ta ce, "Me za ka je yi a Ikko? Wancan ba ya Ikko. Ya faɗa da bakinsa zai shiga jirgi, kuma ga malam nan ya ji inda jirage suke maƙalewa. Ka bar wahalar da kanka. In lokacinsa ya yi zai fito." Kawu ya waiwayo ya dube ni ya ce, "Haka ne?" Da na ce a'a a wannan ranar, da abin ya tsaya nan. Sai na dubi Inna, na ga fuskarta ta saki a karon farko cikin shekara guda, na ce, "Ana faɗa, Kawu." Kawu mutum ne da bai taɓa musu da yayarsa ba, ita ta goye shi. Ya ce Allah ya bayyana, ya koma gida ya kwance kayansa.

Daga nan labarin ya samu ɗaki a gidanmu. Inna, wadda kunya ba ta barin ta tambayi ko ɗanta ya ci abinci, yanzu ta samu hanyar yin zancensa ba tare da ta ambace shi ba. In na dawo daga Kwanar sai ta ce, "Yau rediyo bai ce wani jirgi ya fito ba?" In ce, "Ba tukuna." Ta ce, "To, da saura." Wani lokaci ta sa in maimaita mata labarin tun daga farko, in na tsallake wani wuri ta gyara min. Matan unguwa suka riƙa shigowa suna ji. Aka koma kiran Yaya "na Bamuda". Har maza a ƙofar masallaci sukan tare ni su tambaye ni ko da gaske Dujal yana can, ni kuma in gyara tsayuwa in yi bayani. Ba zan ɓoye ba, shekarar farko daɗin abin nake ji. Daga baya ya zame min kaya. Na nemo taswira na ga inda wurin yake, na ga nisansa da Ikko, na naɗe taswirar na mayar. Kowace kaka Inna takan ware damin Yaya daban a rumbu. In aka yi rasuwa a gari aka zo zancen sadaka, wata tsohuwa ta ce ko za a haɗa da Habu, sai Inna ta ce ba a yi wa mai rai sadakar mutuwa. Liman ya taɓa aiko mata cewa shari'a ta ba matar wanda ya ɓata hanya, in ta kai magana gaban alƙali. Inna ta ce a gaida liman, amma in mijin ya dawo gobe ya tarar da matarsa a gidan wani, wa zai dube shi? Ladi kuwa ba za ta kai ƙarar gwaggonta ba, kuma ubanta ba zai kai ƙarar yayarsa ba.

Haka Ladi ta zauna. Ita ke ɗebo ruwa, ita ke daka, ita ke yanka tumatir ana shanyawa a kan duwatsu in kasuwa ta faɗi. Sa'o'inta suka yi goyo na biyu, suka yi na uku. In an yi suna takan je ta taya aiki ta dawo da wuri. Ta daina kitso sai da salla. Ni da ita muka daina wasa, gaisuwa kawai, ita ma a taƙaice. Na yi aure a cikin shekarun nan, aka kawo amaryata gidan, Ladi ce ta share mata ɗaki ta jera mata kwanuka.

A rani na shida, ina lambu ina gyara kwanduna, sai na gan ta tsaye a kan kunya da tulu a kai. Ta sauke tulun. Ba ta taɓa biyo ni lambu ba.

Ta ce, "Malam, tambaya na zo yi. Kai ka taɓa ganin wanda ya dawo daga wurin nan?"

Na ce a'a.

"Ka taɓa ganin wanda ya ga wanda ya dawo?"

Na ce a'a.

Ta gyaɗa kai. Ta ce, "Yayanka ko kwalekwale ya shiga a dam sai ya yi amai. Da ya dawo daga kamun kifin nan kwana biyu ya yi a kwance. Ni ban taɓa yarda ya shiga jirgi ba. Amma ni mace ce, ban yi boko ba, wa zai ji tawa a kan taka? Gwaggo ba za ta ji maganar Baba ba, ba za ta ji ta liman ba. Kai ka ɗaura wannan abin, kai za ka kwance shi. Ba na roƙon ka ce mata ƙarya ka yi. Ka je ka dubo kawai."

Ta ɗauki tulunta ta tafi. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta yi kuka ba. Da ta zage ni da ya fi min sauƙi.

Da aka ba da hutun makaranta na ce wa Inna zan raka tumatirinmu kudu. Na hau bayan mota a Kwanar Dangora, a kan kwanduna, kwana biyu muna tafiya. A Ikko na yi kwana huɗu ina yawo daga zangon Hausawa zuwa wani, ina faɗar sunansa da kamanninsa. A rana ta biyar wani mai yankan farce ya ce in je wurin wani tsoho da ke saukar da 'yan dako kusa da tashar jirage. Na same shi a wani ɗan ɗaki na kwano, yana jan carbi. Na gaishe shi na faɗi abin da ya kawo ni. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Dogo, mai tabo a gira?" Na ce shi ne. Ya ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Sai yanzu?"

Yaya bai taɓa taka jirgi ba. Wanda ya yi masa alkawarin aikin bai ƙara waiwayarsa ba. Ya ci gaba da dako, damina ta shigo, zazzaɓi da gudawa suka kama shi, kwana uku ya yi ya cika. Tsohon ya ce su suka yi masa wanka, suka sallace shi, suka kai shi maƙabartar Hausawa. Na ce me ya hana a aiko mana? Ya ce sun aika har sau biyu. Da Yaya ya sauka a wurinsa, tsohon ya tambaye shi garinsu, sai ya faɗi sunan tsohon garinmu. Direban da aka ba saƙon ya dawo ya ce ya tambaya a hanya, an ce masa garin nan ruwa ya cinye shi tuntuni, mutanensa sun watse. Tsohon ya jawo wani ƙaramin akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gado. Ya ce amana ce, bai taɓa buɗewa ba. A ciki akwai rigunansa biyu, da hularsa, da turmin atamfa ɗaya da ko ninkinsa ba a warware ba.

Akwai wani dattijo a ɗakin da ya yi shekaru yana dafa abinci a jiragen ruwa. Ban san abin da ya sa na tambaye shi ba, wataƙila don in samu abin kamawa. Na ce, "Baba, ka san Bamuda?" Ya ce ya sani, sun bi ta nan ba sau ɗaya ba. Na ce me ya gani? Ya ce, "Ruwa. Ni albasa nake yankawa, sai daga baya aka ce min mun wuce. Akwai mutane a tsibirin, suna kamun kifi, suna sayar wa baƙi tsaraba. In ka yi musu wannan zancen dariya suke yi." Ya tambaye ni a ina na ji. Na ce a teburin mai shayi. Ya ce ai kuwa nan ne ya fi haɗari.

Da na dawo ban wuce gida ba, gidan Kawu na fara zuwa. Shi ya ɗauko liman, muka shiga tare. Inna na ganin akwatin a hannuna ta shimfiɗa tabarma ta zauna. Liman ya faɗa mata, a hankali, yadda ake faɗa. Ta yi salati. Ta tambaya ko an yi masa salla, na ce an yi. Ta ce, "Da mutane?" Na ce tsohon ya ce sahu uku. Ta ce alhamdu lillahi. Sai Kawu ya yi tambayar da ta kawo shi, ya ce yaya zancen takabar yarinyar nan. Liman ya ce takaba daga ranar rasuwa ake lissafa ta, ba daga ranar da aka ji ba. Ya ce ta Ladi ta ƙare tun shekarar farko. Ladi tana bakin ƙofar ɗakinta, ta ji. Ta juya ta koma wurin turmi ta ƙarasa dakan da ta fara, don ranar za a yi baƙi masu gaisuwa, kuma dole a ci abinci.

Bayan kwana bakwai, da mutane suka ragu, Inna ta kira ni. Na durƙusa a bakin ƙofa. Na ce, "Inna, ki yafe min. Ban san komai a kan wurin nan ba. Ji na yi a bakin wani direba."

Ta ce, "Na sani. Tun ranar da ka faɗa na ga idonka. Ni na haife ka." Ta murza bakin zaninta. "Amma kowa in ya shigo gidan nan haƙuri yake ba ni. Kai kaɗai ka shigo da wani abu ban da haƙuri. Sai na riƙe. Laifin yarinyar nan a wuyana yake, ba a naka ba."

Ban yarda da rabon da ta yi ba, har yau ban yarda ba. Inna ba ta ƙara shekara biyu ba. Kafin ta rasu ita da kanta ta sa Kawu ya karɓi maganar wani magidanci daga Doguwa, wanda matarsa ta rasu ta bar masa 'ya'ya huɗu, kuma Ladi ta ce ta amince. Ta riƙe yaran nan kamar nata, su ma ba su san wata uwa ba sai ita. Nata na cikinta kuwa Allah bai kawo ba. Ko shekarun da ta zauna ne, ko dama can haka aka rubuta, ba ni da sani, kuma na daina cewa na san abin da ban sani ba.

Ni da Ladi mun tsufa kafin mu sake zama mu yi magana ta gaskiya. An aiko cewa ba ta da lafiya, na hau mota na je Doguwa, daga can aka ɗauke ni a babur ta hanyar daji har ƙauyensu a gindin duwatsu. Na same ta a kan tabarma a inuwar ɗaki, ta rame, amma bakinta yana nan. Ta ce, "Malam, ka tsufa." Na ce ita ma ba yarinya ba ce. Muka yi dariya, irin wadda muka rabu da ita tun ina saurayi. Muka yi zancen 'ya'ya da na gona. Da na ga rana ta yi sanyi na fara neman sallama, sai na tsaya na ce mata akwai maganar da na daɗe ina ɗauke da ita, ta shekarun da na ci mata.

Ta ɗaga hannu ta tsayar da ni. Ta ce, "Shekarun ba su ne ke damuna ba. Na ci, na sha, na yi aure, ga yara suna kira na Umma. Abin da ke damuna daban ne. Na ce maka ban yarda ya shiga jirgi ba, kuma gaskiya na faɗa. Amma in na idar da salla na ɗaga hannu, sai in rasa abin da zan roƙa masa. In na ce Allah ya jiƙansa, sai in ji kamar na kashe shi da bakina, ga Gwaggo a ɗaki tana jiransa. Sai in ce Allah ya sa ruwan ya sake shi. Shekara shida, salla biyar, abin da nake roƙa ke nan. Shi kuwa yana kwance a ƙasa kamar kowa, a garin da ba shi da kowa, yana jiran wani nasa ya nema masa gafara. Ba uwarsa, ba matarsa, ba ƙaninsa."

Ta gyara kwanciya, ta ce, "Tun daga ranar da ka dawo da akwatin nan nake rama masa. Kullum. Ban san ko na cike ba. In na riga ka tafiya, ka ci gaba daga inda na tsaya."

Na ce to.

Ta riga ni, yau damina uku ke nan. Ina yi.